Tana kwance da ɗinki, oga yana kira

Da izininta muke ba da wannan labari, da sharaɗin ba za a ambaci sunanta ko na kamfanin ba. Hajiya za mu riƙa ce mata, kamar yadda kowa ke kiranta. 'Yar zangon Kumasi ce, aure ya kawo ta Amurka, ta zauna a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Ta yi shekaru tana aikin da matanmu da yawa ke yi a can, wato kula da tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu. Da kamfanin ya ga tana jin Hausa da Asantanci da Turanci, kuma ba ta wasa da lokaci, sai aka mai da ita ofis. Ita ke tsara wa masu zuwa gidaje jadawali: wace ce za ta gidan wa, da ƙarfe nawa, wa zai maye gurbin wadda ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Rabin wannan aiki a kwamfuta yake, rabinsa kuwa a cikin kan mai yin sa.

Ƙari ne ya fito mata a mahaifa. Ta daɗe tana daurewa, jini na zuba, jiri na ɗibar ta, har likita ya ce sai an buɗe ciki, kuma ya ba ta mako 8 na kwanciya bayan tiyata.

Hutun da ta nema yana ƙarƙashin dokar tarayya da ake kira FMLA, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Fabrairun 1993. Dokar ta ba ma'aikaci har mako 12 a cikin wata 12 don ciwo mai tsanani, nasa ko na mata ko miji ko ɗa ko iyaye, ko don haihuwa. Ba a biyan albashi a ciki. Abin da take karewa biyu ne: gurbin aikinka da inshorar lafiyarka. Kuma ba kowa ta rufe ba. Sai ka cika wata 12 da mai aikin, ka yi awa 1,250 a shekarar da ta gabata, kusan awa 24 ke nan a mako, sannan kamfanin yana da ma'aikata 50 a cikin tazarar mil 75 daga inda kake aiki. Hajiya ta cika duka ukun.

Takardunta ta bi su daidai. Tunda an san ranar tiyata tun da wuri, ta sanar da kwana 30 kafin nan, kamar yadda doka ta nema. Cikin kwana 5 na aiki sashen kula da ma'aikata ya ba ta takardar da ke cewa ta cancanta. Ta kai wa likita fom WH-380-E na shaidar rashin lafiya, wanda ake da kwana 15 a mayar da shi, ta mayar cikin mako guda. Aka ba ta takardar ƙarshe, WH-382, mai tabbatar da cewa an lissafa hutun a ƙarƙashin dokar. A cikin wannan takarda aka rubuta cewa sai ta kawo shaidar likita kafin ta koma. Ta kuma cike fom DB-450 na jihar Niyok don ɗan kuɗin rashin lafiya, wanda rabin albashi ne amma ba ya wuce dala 170 a mako, adadin da aka tsayar tun 1989. Kuɗin hayar Bronx ba ya jin wannan, shi ya sa tsoron rasa aiki ya riga ya shige ta tun kafin a shiga da ita ɗakin tiyata.

Kwana uku da sallamo ta daga asibiti oganta ya kira. Ya yi mata sannu, ya tambayi kalmar sirrin wani fayil da inda ta ajiye lambobin masu aikin ƙarshen mako. Minti biyu aka gama. Wannan kira ba laifi a cikinsa, kuma muna so a ji wannan da kyau, don akwai masu yaɗa cewa da zarar ka tafi hutun jinya haramun ne a buga maka waya. Babu inda dokar ta ce haka. A 2009 kotun tarayya a Niyok ta duba ƙarar wata ma'aikaciyar kamfanin Revlon, wadda mai riƙe mata gurbi ta kira ta tana tambayar inda wasu abubuwa suke a kwamfuta. Kotu ta ce amsa irin wannan kira jefi-jefi mutunci ne na abokan aiki, ba tauye haƙƙi ba. Ina makulli, ina fayil, a ina kika tsaya da maganar wane: duk sun halatta, muddin gajeru ne kuma ba kullum ba.

Sai dai kiran bai tsaya nan ba. A mako na biyu oga ya ce wadda aka ɗora a kujerarta ta rikice, ko Hajiya za ta ɗan leƙa jadawalin mako mai zuwa, tunda dai tana gida. Ya sa aka kawo mata kwamfutar ofis har ƙofa. Ta ce ba komai. Daga leƙawa aka koma gyarawa, daga gyarawa aka koma tsarawa gaba ɗaya. Masu zuwa gidajen kuma, waɗanda yawancinsu 'yan'uwanmu ne kuma suna da lambarta, da suka ji Hajiya na taɓa jadawali sai suka daina kiran ofis. Tun kafin a idar da sallar asuba waya ke ruri: Yaya, jirgin ƙasa ya tsaya, ba zan isa gidan tsohuwar ba. Hajiya, a canza mini Lahadi, akwai suna. 'Yarta ta ce haka take samun ta, kwance a gefe ɗaya, ta danne ɗinkin da matashi saboda tari, waya maƙale a kafaɗa, kwamfuta a kan kujerar da aka jawo bakin gado, ga kwalbar maganin ciwo mai sa barci a gefe.

Wannan ya tashi daga tambaya ya koma aiki, kuma a nan iyakar take. Idan abin da ake nema yana cikin kanka ne, ka faɗa a wuce, tambaya ce. Idan kuwa sai ka zauna ka samar da wani abu, ka yanke shawara, ka shiga taro, ka amsa wa masu hulɗa da kamfani, to aiki ne, ko da a kan gado aka yi shi. A 2015 wata kotun tarayya a Texas ta saurari ƙarar wata manaja a kamfanin makamashi na GenOn, wadda ta tafi hutun tiyata ta ce an sa ta aikin awa 20 zuwa 40 a cikinsa. Kamfanin ya nemi a kori ƙarar, kotu ta ƙi, ta ce abin ya isa a kai shi gaban masu yanke hukunci.

Amma akwai wata shari'a da ya kamata mutanenmu su sani fiye da waccan. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da jihar Iowa ta duba batun wata ma'aikaciyar lafiya da ta karye a ƙafa, ta riƙa yin wasu ayyuka daga gida lokacin hutunta. Ba ta ci shari'ar ba, domin shaidu sun nuna da yardarta ta yi, ba ta taɓa nuna ba ta so ba. Kalmar "ba komai" da muke faɗa don kara, ko don kada a ce mun cika ƙorafi, a gaban alƙalin Amurka tana iya zama yarda. Ba wanda zai zauna ya fassara masa cewa a wajenmu mutum kan ce ba komai alhali akwai komai. Wannan shi ne abin da ya fi damun mu a labarin Hajiya. An yi mata tarbiyyar kawaici, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a wannan wuri da ita aka ci ta.

Ana cikin haka oga ya fara tambayar wane irin ciwo ne wannan da zai ci mako 8, har ya ce zai kira asibitin da kansa ya ji. Hajiya ta rasa inda za ta sa kanta, don ba maganar da za ta yi da namiji ba ce. Ba ta san cewa doka na tare da kunyarta a nan ba. Ogan da kake ƙarƙashinsa kai tsaye ba shi da izinin tuntuɓar likitanka ko ta wane hali. Jami'in sashen ma'aikata, ko mai kula da hutu, ko wani babban jami'i, ko likitan da kamfani ya wakilta, su ne za su iya, kuma don abu biyu kawai: su tabbatar likitan ne ya cike fom ɗin, ko su nemi bayanin rubutun da bai karantu ba ko amsar da ba a gane ba. Ba su da damar neman abin da ya wuce fom. Ba dole ba ne ma likita ya rubuta sunan cutar. Idan fom bai cika ba, a rubuce za su gaya maka abin da ya rage, su ba ka kwana 7 ka gyara. Idan suna shakka, su tura ka wajen likita na biyu da kuɗinsu, in ra'ayi ya saɓa a je wa na uku da ku duka kuka amince da shi, nasa ne na ƙarshe. Takardun lafiyar kuma a fayil na daban ake ajiye su, ba a cikin wanda oga ke buɗewa ba. Abin da oga ke da haƙƙin sani shi ne yaushe ka tafi, yaushe ake sa ran dawowarka, da abin da ba za ka iya yi ba in ka dawo.

A mako na huɗu, cikin magagin magani, ta sa mace ɗaya a gidaje biyu a lokaci guda. Wani tsoho ya wuni ba wanda ya je masa, iyalinsa suka kira ofis da faɗa. Washegari takardar gargaɗi ta shigo imel ɗinta, da sunanta, a kan kuskuren da ta yi a ranar da takardun kamfanin da kansu ke cewa tana hutun jinya.

Ranta ya ɓaci, ta kashe waya, ta daina buɗe imel, wasiƙun da ke zuwa ta akwati ma ta ce a tara mata. Mun fahimci zuciyarta, amma wannan ya fi na farko haɗari. Akwai saƙonnin da ma'aikaci ba shi da ikon ƙin amsawa. Kamfani na da damar neman ka riƙa sanar da shi lokaci-lokaci halin da kake ciki da niyyarka ta dawowa. Dokar ba ta ƙayyade sau nawa ba, ta dai ce a yi la'akari da yanayin mai hutun, kuma kada a ware wani a matsa masa. Ƙa'idojin kamfani na rashin lafiya ma ba sa mutuwa don kana hutu. A 2005 wani ma'aikacin birnin Filadelfiya ya kai ƙara saboda an hukunta shi kan fita daga gida a lokutan aiki ba tare da ya kira layin da aka tanada ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba birnin gaskiya, ta ce dokar ba ta ba mai hutu haƙƙin a ƙyale shi kwata-kwata ba.

A cikin wasiƙun da aka tara akwai ta inshora. Lokacin da take karɓar albashi, daga ciki ake cire kasonta. Yanzu babu albashi, sai ta biya da hannunta, ita kuwa ta sha'afa. Idan biya ya yi jinkirin fiye da kwana 30, kamfani na iya dakatar da inshorar, bayan ya aiko da gargaɗi a rubuce aƙalla kwana 15 kafin ranar. Gargaɗin ne ke kwance a kan teburinta ba a buɗe ba, ga ta da ɗinkin da ya fara ruwa, likita na cewa a ƙara mako 2. Maigidanta ne ya buɗe, saura 'yan kwanaki.

Akwai kuma maganar da ta so ta rubuta wa oga cikin fushi, cewa ita ta bar musu aikinsu, Allah ya sa ba ta tura ba. Duk wanda ya faɗa ƙarara cewa ba zai dawo ba, nauyin riƙe masa gurbi da inshora ya sauka daga kan kamfani nan take. Suna ma iya bin sa kuɗin inshorar da suka biya masa lokacin hutun, sai fa in ciwon ne ya hana shi dawowa ko wani abin da ya fi ƙarfinsa. In ba ka da tabbas, abin da za ka ce shi ne kana so ka dawo, likita ne bai sake ka ba tukuna.

Gyaran ya fara ne da littafin makaranta na 'yarta. Aka buɗe tarihin kira a wayarta, da saƙonnin tes da na WhatsApp da imel, aka bi su rana-rana: kwanan wata, wa ya kira, minti nawa, me aka nema, awa nawa ta ɗauka tana yi. Aka ɗauki hoton kowane saƙo aka tura imel ɗinta na kanta, domin na ofis ana iya rufe shi dare ɗaya. Saƙonnin da suka shafe ta kawai aka ɗauka. Ba a taɓa bayanan marasa lafiyar da kamfanin ke kula da su ba, don kwashe waɗannan laifi ne da zai ba su hujjar kora mai tsabta. Lissafi ya haura awa 30. Aka ware saƙon da oga ya ce an aiko da kwamfuta, domin shi ne shaidar cewa kamfani ne ya nema, ba ita ta cusa kanta ba.

Sannan aka rubuta wasiƙa zuwa sashen ma'aikata, aka sa oga a kwafi. Gajera ce, babu zagi, babu barazanar lauya. Ta ce tana hutun FMLA daga rana kaza zuwa rana kaza. An nemi ta yi ayyuka kaza, ga lissafin a haɗe. Daga yau ba za ta iya yin wani aiki ba sai likita ya sake ta. Gajeriyar tambaya a turo ta imel, za ta amsa in ta samu iko. Maganar hutu, takardu da inshora ta bi ta sashen ma'aikata. Tana neman a biya ta awannin da ta yi, a cire su daga lissafin hutunta, a janye takardar gargaɗi, a zo a ɗauki kwamfuta. Tana da niyyar dawowa. Hajiya ta yi ta jan ƙafa kafin ta tura, tana ganin kamar rashin kunya ne ga mutanen da suka ɗaga ta daga aikin gida-gida zuwa ofis. Maigidanta ya ce mata gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ga abokan aikinta kuma saƙo ɗaya ta tura wa kowa, cewa ta gode da addu'a, maganar jadawali a kira ofis.

Buƙatun nan kowanne da tushensa. Mai karɓar albashin awa dole a biya shi duk lokacin da kamfani ya san ya yi aiki, ko a gida ne, a ƙarƙashin dokar albashi ta 1938. Hutun da aka ci da gaske kawai ake cirewa daga mako 12, wanda ga mai yin awa 40 a mako ya kama awa 480. Sannan ba a halatta a mai da hutun abin riƙe mutum da shi wajen ladabtarwa, ƙarin girma ko lissafin fashin aiki ba.

Sashen ma'aikata ya amsa cikin kwana biyu, da alama ba su ma san an kai mata kwamfuta ba. Haka abin yake sau da yawa: oga na neman mafita ga matsalar ranar, bai san doka ba, su kuma waɗanda suka san ta ba a gaya musu ba. Aka janye gargaɗin, aka biya ta, aka gyara lissafi. Suka nemi sabuwar takardar likita saboda ƙarin mako 2, kuma suna da gaskiya, domin neman ƙari na cikin dalilan da ke ba su damar sake nema. Suka yi mata tayin ta dawo da wuri ta riƙa amsa waya kawai a zaune. Tayi ya halatta, tilas ne bai halatta ba. Ta ce a'a, kuma ƙin karɓar bai taɓa gurbinta ba.

Sauran makonnin an gayyace ta bikin 'yar ƙawarta, ba ta je ba, ta kuma hana a sa tsofaffin hotunanta a dandalin sada zumunta. Ba wai mai jinya fursuna ba ne. Amma a 2013 kotun tarayya a Mishigan ta amince da korar wata nas da ta tafi hutun ciwon baya da ƙafa, abokan aikinta suka ga hotunanta a Facebook tana shaƙatawa a Meziko, da aka tambaye ta kuma ta yi ƙaryar cewa a keken guragu aka tura ta a filin jirgi. Ƙaryar ce ta kore ta. Masu tunanin su yi amfani da hutun jinya su leƙa gida Kumasi ko Maraɗi ko Kano, su fara samun yardar likita a rubuce, su duba ƙa'idar kamfani kan tafiya, kuma in an tambaye su su faɗi gaskiya.

Ta koma a ƙarshen mako na 10 da takardar likita a hannu, wadda ita ta biya kuɗinta, don haka doka ta tsara. Ta tarar an mai da ita aikin yamma zuwa dare, an bar wa wadda ta riƙe mata na safe. Doka ta ce a mai da kai gurbinka ko makamancinsa a albashi, alawus, matsayi, wurin aiki da lokacin aiki. Safe da dare ba ɗaya ba ne ga mai 'ya'ya. Wannan karon ba ta ce ba komai ba, imel ɗaya ta tura, aka mai da ita safe a makon da ya biyo.

Da ba su gyara ba, hanya biyu ce a gabanta. Ko ta kai kuka sashen albashi da lokutan aiki na Ma'aikatar Ƙwadago ta Amurka, wanda kyauta ne, ko ta shigar da ƙara kotu kai tsaye. Wa'adin shekara 2 ne daga laifin ƙarshe, 3 in an tabbatar da gangan aka yi. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da Niyok, a wata shari'a da kamfanin magunguna na Regeneron, ta ce karya wa ma'aikaci gwiwar cin hutunsa ma tauye haƙƙi ne ko da ba a hana shi ba, amma mai ƙarar ta rasa wannan ɓangaren saboda ta makara. Abin da kotu ke bayarwa shi ne albashi da alawus da aka rasa, da ruwansu, da ninkinsu in kamfani bai nuna ya yi da kyakkyawar niyya ba, da kuɗin lauya, da mayar da mutum aiki. Ba a biyan diyyar ɓacin rai a ƙarƙashin wannan doka, don haka sai an nuna asarar da za a iya lissafawa.

Wanda kamfaninsa bai kai mutum 50 ba, ko mako 12 ya ƙare bai warke ba, ya duba dokar naƙasa ta 1990, wadda ta shafi mai ma'aikata 15 zuwa sama kuma ƙarin hutu na iya shiga cikin sauƙin da take wajabtawa, sannan ya duba dokar jiharsa da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadagonsa in yana da ita. Hajiya ba ta kai ga nan ba. Mako 2 da suka rage mata, haɗe da awannin da aka mayar, da su take zuwa ganin likita awa uku ko huɗu a lokaci guda, bayan likitan ya rubuta a fom cewa za a riƙa duba ta lokaci-lokaci.